In Magini Ya Gane Kuskurensa, Ya Faɗa Ko Ya Yi Shiru?

A cikin sana'o'in duniya duka, da wuya a sami wadda ta ke ɓoye aikinta kamar gini. Maɗinki in ya ɓata riga, ranar da aka sa ta za a gani. Tuwo in bai nuna ba, tun loma ta fari kowa zai sani. Amma magini yana aiki, aikin yana rufe kansa. Harsashi ƙasa ta binne shi, rodi kankare ya haɗiye shi, bulo yaɓe ya lulluɓe shi, sa'an nan fenti ya zo ya rufe yaɓen. Ranar buɗe gini jama'a su taru su yi ta yabon fenti, ba kuwa wanda ya iya ganin abin da ke riƙe da rufin da ke bisa kansa. Mai gida ya biya kuɗi, amma ba zai san abin da ya saya ba sai an yi damuna biyar ko goma.

Da yawa cikin masu karanta wannan takarda birkiloli ne, da kafintoci, da 'yan kwangila, waɗansu kuma 'ya'yansu sun zama injiniyoyi da masu zanen gini. Waɗanda ba su cikin sana'ar ma, ana iya zaɓensu gobe su zauna a kwamitin ginin majami'a. Saboda haka tambayar da za mu duba ta shafe mu duka. Ga mutum ya gama aiki, an biya shi, an yaba masa. Bayan haka, shi kaɗai a ɗakinsa, ya gane akwai kuskure cikin aikin wanda zai iya cutar mutane. Ba wanda ya sani sai shi da Allah, wataƙila ma ba wanda zai taɓa sani har abada. In ya faɗa, sunansa ya ɓaci, abincinsa ya tsaya. Me ya wajaba a kansa?

Wannan ya taɓa faruwa ga wani babban injiniya a ƙasar Amurka, labarin kuwa ya soma ne da majami'a.

A birnin Niyu Yok akwai wata ekklesiya ta Lutheran, irin 'yan'uwanmu na Numan, ana ce da ita ekklesiyar Bitrus Mai Tsarki. Majami'arta tana bisa kusurwar wani fili wanda babban bankin nan Citicorp ya ke so ya gina ofishinsa a kai. Dattawan ekklesiya suka yarda su sayar, amma da sharaɗi: a gina musu sabuwar majami'a a wannan kusurwa ɗin, ta tsaya da ƙafafunta, kada kuma ginshiƙin banki ko ɗaya ya ratsa ta. Mai zanen ginin, Hugh Stubbins, da injiniyan da ya yi lissafin ƙarafansa, William LeMessurier, suka sami dabara. Suka ɗaga benen duka bisa manyan ginshiƙai 4, kowane tsayinsa ya kai hawa 9, suka kafa su a tsakiyar kowane gefe maimakon kusurwoyi inda aka saba kafawa. Kusurwoyin benen suka zama suna rataye a sarari, majami'a ta zauna ƙarƙashin ɗayarsu kamar ɗan tsako ƙarƙashin fiffike. Domin nauyin bene ya gangaro zuwa ginshiƙan nan na tsakiya, LeMessurier ya shirya ƙarafan tokara a karkace cikin bango, kowane rukuni yana tattara nauyin hawa 8. A can sama kuma ya sa wani ƙaton curin kankare mai nauyin tan 400, yana zamewa bisa mai, injin lantarki yana tafiyar da shi, domin ya rage lilon da iska ke sa bene ya yi. Aka gama a 1977, hawa 59, tsayi ƙafa 915. Duniya ta yaba.

A watan Mayu 1978 LeMessurier yana shawara a kan wani gini dabam, sai magana ta kawo shi ga tambayar ofishinsa na Niyu Yok yadda aka haɗa ƙarafan tokara na Citicorp. Shi dai ya rubuta a yi musu walda. Ashe kamfanin da ya kafa ƙarafan ya roƙa a ɗaure su da kusoshi masu noti, gama walda tana da tsada, ofishinsa kuwa ya yarda, ba a gaya masa ba. Wannan kaɗai ba laifi ba ne, ana yin irin wannan canji kullum, noti kuma yana riƙewa in an sa isasshe. A watan Yuni sai tambaya ta zo daga wajen ɗalibai masu koyon aikin injiniya a kan wurin da aka kafa ginshiƙan nan. Babban mutum kamarsa da ya iya cewa yara ba su san kome ba. Amma ya ɗauki fensir ya sāke lissafi, ya duba iska mai bugun kusurwa, watau wadda ke tura fuska biyu na bene gaba ɗaya. Dokar gini ta birnin a lokacin ba ta bukaci a lissafta wannan ba, sai iska mai bugun fuska ɗaya sosai. Ya tarar irin wannan iska tana ƙara wa waɗansu ƙarafan wahala da kashi 40 cikin 100, a mahaɗansu kuwa ƙarin ya fi haka nesa. Kusoshin da aka sa ba a ƙidaya su domin wannan nauyi ba.

Ya tafi ƙasar Kanada wurin masanan iska ya karɓo awonsu, ya keɓe kansa a wani gidansa na bakin tafki, ya bi mahaɗan hawa hawa. Abin da lissafinsa ya nuna shi ne, mahaɗin da ya fi rauni yana hawa na 30. In curin kankaren nan yana aiki, sai iskar da a kan yi sau ɗaya cikin shekara 55 za ta karya shi. Amma in lantarki ya ɗauke, ga shi kuwa babban hadari shi ke ɗauke lantarki, iskar da a kan yi sau ɗaya cikin shekara 16 ta isa. Ga dubban mutane suna aiki cikin benen kowace rana, ga masu sujada a ƙarƙashinsa, ga lokacin guguwa ya matso.

Shi da bakinsa ya faɗa daga baya cewa ya yi tunanin yin shiru, har tunanin kashe kansa ya gilma masa. Ya ƙi duka biyu. Ya tafi wurin lauyoyi da masu inshora, ya gaya wa mai zanen ginin, sa'an nan a farkon watan Agusta suka shiga wurin shugabannin bankin, ya ce musu benen da suka biya kuɗi mai yawa dominsa yana da aibi, ga kuma yadda za a gyara. Aka kawo injunan lantarki na ko-ta-kwana. Da yamma in ma'aikata sun tashi, kafintoci su kewaye wurin da katako, masu walda su shigo su yi ta aiki har asuba, suna manna faifan ƙarfe mai kaurin inci 2 bisa mahaɗai fiye da 200, da safe a share wurin kamar ba a yi kome ba. Ran 1 ga Satumba, aiki bai ƙare ba, wata guguwa da aka sa wa suna Ella ta nufo birnin daga teku, amma ta juya ta koma. A watan Oktoba aka gama. Benen yana nan tsaye har yau, majami'ar kuma tana ƙarƙashinsa.

To, bari mu auna abin da mutumin nan ya yi. Kuskure dabam, laifi dabam. Ba mai sana'ar da bai taɓa kuskure ba, wanda ya ce bai taɓa ba kuwa, ko dai bai daɗe cikin aiki ba, ko kuwa ba ya duba bayansa. Shari'ar Musa ta raba tsakanin biyun nan da misalin da kowane manomi zai gane. A Fitowa sura 21, in sa ya soke mutum har ya mutu, a kan kashe san, mai shi kuwa ba shi da laifi. Amma in an san san da halin suka tun dā, an kuma faɗakar da mai shi, bai tsare shi ba, to, jinin yana wuyansa. Sa ɗaya ne, ƙaho ɗaya ne, gawa ɗaya ce. Abin da ya bambanta shari'ar shi ne sani. Tun daga 1977 har zuwa Yuni 1978 akwai aibi cikin benen Citicorp, LeMessurier kuwa mai kuskure ne kawai. Ranar da lissafi ya fito a gabansa, ya zama mai sa wanda aka faɗakar. Da ya ninke takardar ya sa a aljihu, ko da benen bai taɓa faɗuwa ba, da ya kwana kowace rana yana caca da ran mutanen da ba su san ana caca da su ba.

Na san abin da wani zai ce, gama na sha jinsa. Zai ce rufin asiri abu ne mai kyau, Allah ma mai rufin asiri ne, mutum ba ya tona kansa a kasuwa. Gaskiya ne rufin asiri yana da wurinsa. Ɗan'uwa in ya fāɗi cikin zunubi ya tuba, ba mu kai labarinsa bakin rijiya. Talaucin maƙwabci, da rashin lafiyarsa, da faɗan cikin gidansa, duk mu kan rufe, daidai ne kuwa. Amma asirin da mutum ke da ikon rufewa shi ne wanda in ya fashe shi kaɗai zai ji ciwo. Tsagar da ke cikin ginshiƙi ba asirin magini ba ce, ta masu zama ƙarƙashin ginshiƙin ce, su ne za su biya. Wanda ya rufe ta ya ɗauki abin da ba nasa ba ya rufe. Annabi Ezekiyel, a sura 13, ya yi faɗa da masu shafa farar ƙasa bisa bangon da ba shi da ƙarfi, ya ce ruwa da ƙanƙara da iska za su kā da shi har harsashinsa ya bayyana. Da annabawan ƙarya ya ke, amma ya ɗauko misalin daga wurin magina domin kowa ya san ana yin haka.

Kunya ma haka. Mun gāji kunya, muna koya wa 'ya'yanmu, abin ado ce. Amma akwai kunyar da ke sa lebura ya ga an rage siminti ya sunkuyar da kai, gama ɗan kwangilar sa'an mahaifinsa ne. Akwai wadda ke sa birkila ya ga katakon dekin ya lotsa ya ce ba shi ne babba a wurin ba. Barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa. Wanda ya ji kunyar mutum ɗaya yau, zai rasa inda zai sa fuskarsa gaban iyayen yara ashirin gobe.

Wani kuma zai ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, in Allah ya ƙaddara gini zai faɗi, zai faɗi. Mu ma mun gaskata ranmu yana hannun Allah. Amma Allah ɗin nan shi ne ya umarta a Kubawar Shari'a sura 22 cewa mai gina sabon gida ya yi wa soronsa rawani kewaye, domin kada wani ya faɗo alhakin jini ya hau gidan. Bai ce a bar soro haka nan, wanda kwanansa ya ƙare ya faɗo ba. Mutanen dā ma da ba su san Musa ba sun gane wannan. Hammurabi sarkin Babila, wajen shekara 1,750 kafin haihuwar Ubangijinmu, ya sa an sassaƙa dokokinsa bisa dutse, aka tono dutsen a Shushan, garin nan na Littafin Esta, a ƙarshen 1901. A ciki an ce in gida ya faɗi ya kashe mai gida, a kashe maginin, in kuwa ɗan mai gida ya kashe, a kashe ɗan maginin. Shari'ar Musa ta hana a kashe ɗa saboda laifin ubansa, ta kuma riga Hammurabi isa wurin, gama shi yana jiran gawa kafin ya yi magana, ita kuwa tun ana gini ta ce a sa rawani.

Amma kada mu mai da LeMessurier waliyyi, gama akwai inda labarinsa ke da duhu. Shugabannin banki sun sani, hukumar birni ta sani, 'yan sanda da ƙungiyar Red Cross sun shirya yadda za a kwashe mutanen unguwar in guguwa ta zo. Waɗanda ba a gaya wa ba su ne masu hawa benen kowace safiya da maƙwabtansa. Sanarwar da aka ba jaridu ta nuna kamar ƙarin ƙarfi ne kawai a ke yi don riga-kafi, ba ta ambaci hatsari ba. Sai kuma ma'aikatan manyan jaridun birnin suka shiga yajin aiki a daidai wannan lokaci, maganar ta mutu. Jama'a ba su ji cikakken labarin ba sai 1995, shekara 17 bayan haka, sa'ad da wani marubuci, Joe Morgenstern, ya buga shi a mujallar The New Yorker. Masu kāre su sun ce da an faɗa, da tsoro ya sa mutane sun tattake juna, ga shi kuwa ana gyara, ana kuma duban sama dare da rana. Wannan hujja tana da nauyi, ban raina ta ba. Duk da haka ni a ganina mai share ofis a hawa na 30 yana da hakkin ya zaɓa ko zai zo aiki a watan Satumba ko ba zai zo ba, an kuwa zaɓa masa ba da saninsa ba. In ma an ce shirun wata uku yana da dalili, shirun shekara 17 fa? A cikin shekarun nan yawancin sauran injiniyoyi ba su sami koyon kome daga abin da ya faru ba.

Akwai kuma abin da ya fito daga baya. Wajen shekara 40 bayan gyaran, masu bincike na wata ma'aikatar gwamnatin Amurka suka sāke lissafin da na'urorin zamani, suka ga iskar kusurwa ba ta kai munin da LeMessurier ya zata ba. Mai yiwuwa ne benen da ya tsaya ko ba a yi gyaran ba. Wannan ya mai da shi wawa ke nan, wanda ya tona kansa a banza? Ko kaɗan. Ba a shari'anta mutum da ilimin da ya zo bayan mutuwarsa, ya rasu kuwa tun 2007. Da awon da ke hannunsa a 1978 ya yi aiki. Mai gadi in ya ga abu kamar wuta ya yi ihu, aka zo aka tarar ba ta kai yadda ya zata ba, ba a korarsa. Wanda a ke kora shi ne wanda ya gani ya ce bari ya jira ya tabbata.

Yanzu mu duba ta inda kuskuren ya shigo, gama a nan ne maganar shugabancin aiki ta ke. Ba mugun mutum ko ɗaya cikin labarin. Kamfanin ƙarfe ya nemi sauƙi, ofis ya duba bisa dokar da ke akwai ya yarda, babban injiniya yana wani gari bai ji ba. Canji ƙarami ne ya wuce ta hannu da yawa, kowa yana tsammani wani ya duba. Shekara 3 bayan haka irin wannan ya sāke faruwa a birnin Kansas, a otal ɗin Hyatt Regency, amma a can ba a gane da wuri ba. An rataye gadojin tafiya a cikin babban zauren otal ɗin, ta hawa na 4 daidai bisa ta hawa na 2. A zanen fari, dogon rodi ɗaya ne zai sauko daga rufi ya ratsa ta sama ya riƙe ta ƙasa. Masu ƙera ƙarfe suka ga wannan da wuyar yi, suka mai da shi rodi biyu: ɗaya daga rufi zuwa gadar sama, ɗaya daga gadar sama zuwa ta ƙasa. Ka ɗauka mutum biyu suna rataye da igiya ɗaya, kowa ya riƙe da hannunsa. Sa'an nan ka ɗauka na ƙasa ya saki igiya ya kama ƙafar na sama. Igiya ba ta ji bambanci ba, amma hannun na sama yanzu nauyin mutum biyu ya ke ɗauke da shi. Haka nauyi ya ninka a mahaɗin gadar sama. Zanen ya koma ofishin injiniyoyi, aka buga masa hatimi, ba wanda ya zauna ya yi lissafin da ba zai ci sa'a ɗaya ba. Ran 17 ga Yuli 1981, da yamma, zauren cike da mutane, gadojin suka faɗo. Mutum 114 suka mutu, fiye da 200 suka ji rauni. A gaban masu bincike, injiniyoyi da masu ƙarfe kowa ya ce aikin ɗayan ne ya duba. Hukuma ta ce wanda ya buga hatimi shi ke da nauyi, ta ƙwace takardar iznin aikin injiniyoyin biyu.

A garuruwanmu na dā an san wannan ka'ida ko da ba a rubuta ta ba. Akwai Sarkin Magina, in soron sarki ya zuba an san ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Aikin da ba a san mai amsa tambaya a kansa ba, marayan aiki ne.

Akwai mutum na biyu cikin labarin Citicorp wanda ba a cika yabonsa ba, watau mai gida. Shugaban bankin, Walter Wriston, da aka kawo masa mummunan labari, bai kori mai kawowa ba, bai kuma fara da kiran lauya ba. Ya tsaya a kan a gyara tukuna, maganar wanda zai biya ta zo daga baya. Da aka gama, bankin ya karɓi dala miliyan 2 da inshorar injiniyan ta iya biya, ko da ya ke abin da aka kashe ya fi haka, aka rufe maganar. Muna iya yi wa magina wa'azi daga safe har dare su faɗi gaskiya, amma in sun ga duk wanda ya faɗa an hana shi kuɗinsa an kuma ɓata sunansa a gari, za su koyi shiru. Mai gidan da ke cin mutuncin mai kawo mummunan labari, ya saya wa kansa labari mai daɗi kullum, har ranar da rufi zai ba shi na gaskiya.

Faɗa wa mai gida ma ba kullum ya ke isa ba. Ran 1 ga Nuwamba 2021 wani bene mai hawa 21 da a ke ginawa a Ikoyi, cikin Legas, ya rushe, mutum fiye da 40 suka mutu, har da mai ginin. Bayan haka jaridu suka buga wata wasiƙa ta watan Fabrairu 2020, wadda kamfanin injiniyoyin da ya fara duba aikin ya rubuta wa mai ginin yana janye hannunsa. Sun yi abin da da yawa ba su yi ba, sun ƙi sa sunansu bisa abin da ba su amince da shi ba. Amma leburorin da suka ci gaba da hawa benen wata ashirin bayan haka, wa ya karanta musu wasiƙar? In mai gida ya ƙi ji, hukuma tana nan, akwai majalisun da ke yi wa injiniyoyi da masu zanen gini da magina rajista. Kai ƙara can ba gulma ba ce. A nan kusa da mu kuma, ran 12 ga Yuli 2024, benen wata makaranta ya rushe a unguwar Busa Buji cikin Jos, yara suna cikin aji, mutum 22 suka rasu.

'Yan'uwa, ekklesiyoyinmu suna gini fiye da kowane lokaci, yawancin kuwa da baikon gwauraye da na manoma, kaɗan kaɗan, shekara da shekaru. A irin wannan gini ne canji ya fi saurin shiga. An zana majami'a ba bene, bayan shekara biyar jama'a ta ƙaru, aka ce a ɗora wurin zama a sama, ba wanda ya tambayi abin da harsashi zai iya ɗauka. Wani dattijo ya ce ginshiƙin nan na tsakiya yana tare masa ganin mai wa'azi, a cire shi. Kuɗi ya kāsa, aka ce a rage kaurin rodi, ai aikin Allah ne, shi zai riƙe. Ranar godiya ta matso, aka cire katakon dekin tun kankare bai yi ƙarfi ba, alhali yana bukatar a yi ta ba shi ruwa aƙalla kwana 7, ba ya kuwa kai ƙarfin da a ke lissafi da shi sai kwana 28. In birkila ya buɗe baki, a ce masa ba shi da bangaskiya. Ekklesiyar Bitrus Mai Tsarki ma ta sa an kawar da ginshiƙi daga wurinsa, amma an ba masana suka yi lissafi, duk da haka sai da aibi ya shiga. Balle mu da ke kawar da namu da baki bayan sujadar safe.

Wani zai ce duba aikin ɗan'uwa rashin amincewa ne, tun da Kirista ne a bar shi da Allah. A Sarakuna na Biyu sura 12, sa'ad da sarki Yehowash ya sa a gyara Haikali, an ce ba a nemi lissafi daga masu biyan ma'aikata ba gama amintattu ne. Masu son wannan aya su karanta abin da ke gabanta. Shekaru sun wuce kuɗi yana shiga hannun firistoci gyara ba ta yiwu ba, sai da aka huda murfin akwati aka ajiye kusa da bagadi, in ya cika kuma magatakardan sarki da babban firist su ƙirga tare, mutum biyu daga gida biyu. Amincin nan ya tsiro ne cikin aikin da aka shirya shi a fili. Ɗan kwangila mai tsoron Allah ba ya jin haushi in an zo duba rodinsa kafin a zuba kankare, gama ranar ce kaɗai wani zai iya shaida aikinsa, daga gobe ya rufu.

Saboda haka kwamitin gini ya sami mutum ɗaya mai ilimin aikin, wanda ba shi ne ɗan kwangila ba, ba kuma shi ke sayar da siminti ba, a biya shi hakkinsa, kome ƙanƙantar canji kada a yi sai ya gani ya sa hannu. A faɗa a gaban ma'aikata duka tun ranar haƙa harsashi cewa wanda ya ga abin da bai gamshe shi ba, ko lebura ne mai ɗaukar kwano, ya zo ya faɗa, ba za a taɓa ladansa ba. In magini ya zo da kansa ya ce ya yi kuskure, a zauna da shi a raba asarar yadda zai iya ɗauka, kada a karanta sunansa cikin sanarwa ranar Lahadi. In an gama kuma, a ajiye zanen ginin da takardar kowane canji a akwatin ekklesiya tare da littafin baftisma, domin waɗanda za su so ƙara hawa nan da shekara ashirin su san abin da ke ƙarƙashin ƙasa.